Kwana Shida Ba Babba a Gida

Ranar wata Lahadi ce a damunar 1991, da misalin ƙarfe bakwai na safe, motar da ta ɗauki manyan gidanmu ta bar bakin layinmu a unguwar New Bell, cikin Douala. A cikinta akwai Baba da Inna, da baffana, da matarsa goye da jaririyarta. Saƙo ne ya iso da asuba cewa kakanmu ya rasu a Nkongsamba, suna so su riski jana'iza. Mu shida aka bari: yayana mai shekara goma sha biyar, ɗan baffana mai sha uku, ni mai sha biyu, tagwayen baffa maza masu shekara tara, sai ɗan ƙanwar Inna mai shekara bakwai, wanda aka kawo daga Garoua wata huɗu kafin nan don a sa shi makaranta.

Kafin ta shiga mota, Inna ta kamo hannun yaron ta sa a cikin nawa.

"Ga ƙanenki nan. Ba ya jin maganar kowa sai taki. A hannunki na bar shi."

Gaskiya ta faɗa. Fillanci kaɗai yake ji, Hausarsa ba ta wuce 'yan kalmomi ba, kuma a cikin yaran gidan ni kaɗai na tsinci harshen Inna. Adda yake kirana, wato yaya da Fillanci.

A wannan shekarar gari yakan mutu daga Litinin zuwa Juma'a. Ba kasuwa, ba mota, ba makaranta. Samari na tare manyan tituna da tayoyi masu ci da wuta, suna neman jan kati, shaidar goyon bayan 'yan adawa, a hannun duk mai wucewa, sojoji kuma su zo su watsa su. Asabar da Lahadi ne kaɗai ake buɗewa a yi cefanen mako. Namu cefanen a ranar Lahadin nan za a yi shi, mutuwa ta riga. Baba ya ce za su dawo kafin magariba. Daga baya muka ji cewa motar ta lalace a hanyar dawowa, kafin a gyara ta Litinin ta waye, hanya ta rufe.

Ba a bar mu a daji ba. Maƙwabcinmu tela ne, dattijo, dangar langa-langa ce kawai tsakanin gidansa da namu, kuma Baba ya roƙe shi ya sa mana ido. Ya kuwa sa. Safe da yamma yakan zo ƙofar gida ya yi sallama. Amma gidanmu ba shiga ne, kuma ko da babu matar aure a ciki, ƙafarsa ba ta saba wuce zaure ba. Yaya ne ke fita.

"Kun kwana lafiya? Akwai abin da kuke bukata?"

"Babu komai, Baba. Alhamdulillahi."

Haka aka koya mana. Baba yakan ce abin da ke cikin tukunyar gida, murfi ne kaɗai ya san shi.

Ranar Litinin komai ya tafi daidai, har ya fi na lokacin da manya ke nan. Yaya ya rataya makullin sito a wuyansa, ya raba aiki: ni girki, tagwaye ɗiban ruwa a famfon tsakar gida, ɗan baffa kuma yashe lambatu, don ruwan sama kan cika shi ya dawo mana ɗaki. Ya ja mu salla biyar a kan lokaci. Ya auna abin da ke sito da gwangwanin madara: shinkafa gwangwani tara, garin rogo kaɗan, manja rabin kwalba, albasa, agada uku. A wajen cin abinci ya bi dokar gidanmu: ƙarami ne ke fara zaɓa, mai rabo kuma shi ke ɗauka a ƙarshe. Yaron Garoua ya zaɓi kasonsa muna jiransa, ya daɗe yana dubawa, babu wanda ya ce masa ya yi sauri.

Dab da magariba matar tela ta miƙo mana kwanon tuwon masara da miyar kuɓewa ta saman danga. Muka karɓa, muka yi godiya, muka suɗe shi tas.

Washegari na wanke kwanon na nufi danga.

"Ina za ki kai shi haka?" in ji Yaya.

"Mayarwa zan yi."

"Wayam? Kin taɓa ganin Inna ta mayar da kwanon mutane wayam?"

Ban taɓa gani ba. A unguwarmu kwano ba ya komawa gida ba komai a ciki. Ko goro ne, ko sabulu, ko ɗan hatsi, sai an sa.

Ɗan baffa ya ce, "Yaya, ai sun san ba kowa a gidan."

"Shi ya sa. So kake a ce daga tafiyar Baba kwana biyu mun zama abin sadaka?"

Ya buɗe sito. Gwangwani bakwai ya rage, ya auna huɗu ya zuba a kwanon, don kada ya yi kama da ɗan abin da aka kankaro.

"To, Alhaji," in ji ɗan baffa. "A haɗa musu da manjan mana, kada a ce mun yi rowa."

Tagwaye suka yi dariya. Yaya bai kula su ba, ni kuma na miƙa kwanon. Shekaru bayan haka matar tela ta gaya wa Inna abin da ta ce wa mijinta a ranar: gidan da ke mayar da shinkafa a mako irin wannan ba ya bukatar tuwonmu. Nata 'ya'yan takwas ne. Ba ta sake aikowa ba, kuma ban ga laifinta ba.

Da na shiga lise, wato babbar sakandare, an taɓa ba mu wani littafi mu karanta, na wasu yara da suka maƙale a tsibiri ba babba tare da su. Malamin ya tambayi aji ko yara masu tarbiyya za su iya lalacewa haka, aka yi ta gardama har aka tashi. Ban sa baki ba. Abin da na lura da shi kawai, su teku ce ta raba su da mutane. Mu kuwa langa-langa ce, wadda ake jin tarin maƙwabci ta bayanta.

Shinkafa ta ƙare ranar Talata da yamma. Ranar Laraba muka karya da jiƙaƙƙen garin rogo ba sukari. Da hantsi aka nemi ɗan baffa aka rasa, ashe ya haura ta bayan banɗaki. Muna jin ƙarar harbi jefi-jefi daga wajen unguwar Kassalafam. Yaya ya yi ta zagaye tsakar gida, ya je ƙofa ya dawo, bai fita ba, don fita nemansa na nufin a gaya wa tela.

Bayan azahar ɗan baffa ya dawo, rigarsa baƙi ƙirin da hayaƙin taya, idanunsa jajur. Ya zube burodi uku da gwangwanin kifi biyu a kan tabarma. Jan kati na leƙowa daga aljihunsa.

"Daga ina?" in ji Yaya.

"Daga inda aka fasa."

"Ba za a ci haram a gidan nan ba."

"To kar ka ci, Liman. Ka leƙa gidan tela, wataƙila su sam maka shinkafarka."

Ya zauna a kan turmi, ya ɗauki wuƙar girki ya yanka burodin. Ya fara ɗaukar nasa, kuma mafi girma. Tagwaye suka miƙa hannu. Na dubi Yaya, na dubi yaron da ke riƙe da bakin zanena, na miƙa nawa hannun, na karɓi kaso biyu. Yaya ya shiga ɗakin Baba ya saki labule. Da ya tayar da sallar la'asar, ni da yaron ne kaɗai muka tsaya a bayansa. Makullin na nan a wuyansa, amma babu abin da yake rufewa kuma.

Ya kamata in faɗi wannan yadda yake: ba yunwar da ke kisa ba ce. Da mun zauna muna shan ruwan famfo har Asabar, babu wanda zai mutu. Mu dai ba mu taɓa kwana da ita ba, kuma mun ga cewa wanda ya bi doka bai ci ba, wanda ya haura danga ya ci.

Ranar Alhamis ɗan baffa ya sake fita da sassafe, ya dawo da burodi ɗaya kacal. Da abin ya yi kaɗan, sai ya zo da sabon tsari. Ya jawo bencin zaure ya gitta shi a hanyar da ke zuwa kicin da famfo, ya jingina tsohuwar tayar babur da tagwaye ke garawa, ya ce wannan shinge ne. Ya ɓare jajayen takardun gwangwanin tumatir ya yanka su kati-kati. Ya ce daga yau a kira shi shef, wato shugaba. Duk mai son wucewa sai ya nuna kati, ya kuma faɗi wata magana da Faransanci irin wadda samarin titi ke faɗa. Tagwaye ne masu gadi, kowanne da icen girki.

Da farko ya yi kama da wasa, har ni na yi dariya da na faɗi maganar aka ba ni katina. Sai aka zo kan yaron. Ya gwada, harshensa ya ƙi. Tagwaye suka kwaikwaye shi, suka ce ya sake, ya sake, suka faɗi ƙasa don dariya. Ba a ba shi kati ba. Wanda ba shi da kati kuma ba shi da burodi.

"Yaro ne fa, shef," na ce. Na ji kalmar ta fita daga bakina, ban kuma janye ta ba.

"Hausa ba ya ji, Faransanci ba ya ji. To me aka kawo shi yi? Kiwon shanu a kwalta?"

"Inna za ta dawo."

"In ta dawo, Madam, ki gaya mata ke ma kin ci."

Na gutsuri rabin nawa na ɓoye a zane, na ba yaron a bayan banɗaki. Bai kai loma uku ba. Ruwa kuwa ni nake ɗebo masa a moɗa, ina nuna katina a shinge, zuwa da dawowa. A lokacin gani nake ina riƙe da amanar Inna.

Bayan la'asar, ruwa ya ɗan tsagaita, ina wanke tukunyar da ba a dafa komai a cikinta ba, sai na ji ihun tagwaye. Sun kama yaron a gindin danga, inda langa-langar ta yi tsatsa ta huje. A hannunsa akwai guntun dafaffen rogo. 'Yar tela, sa'arsa, ita ta turo masa ta ramin.

Ɗan baffa ya ce a yi kotu. Ya hau turmi, aka tsayar da yaron a gabansa.

"Ya tona mana asiri," in ji shi. "Ya je yana bara a gidan mutane."

Shi ne wanda ya yi wa Yaya ba'a a kan wannan magana kwana biyu kafin nan. Ina jin ba asirin gida ne ya dame shi ba. In matar tela ta shigo, za ta ga gwangwanayen kifi da rigarsa, kuma baffa zai ji inda ɗansa ya je.

"Tambaye shi, roƙa ya yi ko ba shi aka yi?" ya ce da ni.

Na tambaye shi da Fillanci. Ya amsa yana kallona, a natse, kamar yadda yake ba Inna labari. Ya ce leƙen kajinsu yake yi ta ramin, yarinyar ta gan shi, ta yi masa magana bai gane ba, sai ya faɗa mata kalmar Hausar da ya sani, yunwa. Ita kuma ta je ta kawo rogo.

Babu mai jin Fillanci a wurin sai ni. Da na ce ba shi aka yi, na tsaya a nan, da ban ma yi ƙarya ba. Amma shef ne ya yi tambaya, ni kuma ina da kati. Na fassara duka, kalma bayan kalma, ban ƙara ba, ban rage ba.

"Kun ji," in ji ɗan baffa. "Da bakin yayarsa."

A Douala ta waɗannan shekaru babu yaron da bai san abin da ake yi wa ɓarawo da taya ba. Wasu ji suka yi, tagwaye kuwa sun taɓa hangowa daga nesa a bakin kasuwa. Ban tuna wanda ya fara cewa a kawo ta ba. Na dai ga sun garo ta daga shinge, su biyu suka ɗaga suka zura masa ta ka. Ta sauka ta tsaya a kafaɗunsa.

Yaron ya yi dariya. Tun safe ake wasa ba da shi ba, yana ganin yanzu an sa shi.

Ɗan baffa ya shiga kicin ya fito da fitilar ƙwai da kwalin ashana. Ya kwance murfin, ya tuttule ɗan kalanzir ɗin da ya rage a kan tayar. Ya gangara wuyan yaron, ya jiƙa rigarsa. Da warin ya buge shi sai ya daina dariya.

"Adda," ya ce.

Taku huɗu ne tsakanina da shi. Na sha auna wurin daga baya. Ban matsa ba, ban yi ihu ba, katin na cikin tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Abin da ke raina shi ne, ai ba zai yi ba, yanzu zai yi dariya ya ce wasa ne, in kuma na yi magana zan ɓata abin.

Ashanar ta sha sanyin damuna. Ta farko kanta ya marmashe, ta biyu ma haka. Ta uku ta kama. Ya riƙe ta yana kallon wutar, tagwaye sun yi tsit, har ta ci ta kai yatsunsa ya sake ta. Ta faɗa cikin ruwan da ya kwanta a ƙasa, kusa da ƙafar yaron, ta mutu. Ban san ko jefawa ya yi niyya ko tsoratarwa ba. Shi ya ce wasa ne, a ranar da kuma duk lokacin da maganar ta so tasowa. Abin da na gani da idona shi ne ya zaro ta huɗu.

A nan Yaya ya fito. Shirun ne ya fito da shi, in ji shi, don tun safe yana jin hayaniyarsu. Bai daki kowa ba. Ya karɓe kwalin ashanar, ɗan baffa kuwa ya sake masa ba gardama, kamar dama jira yake a karɓa. Ya cire tayar ya wurgar da ita cikin lambatu, ya tuɓe wa yaron riga. Sannan ya sa hularsa, ya buɗe ƙofar gida ya fita.

Ta bayan danga na ji sallamarsa, na ji tela ya amsa.

"Baba, ba mu da abinci tun shekaranjiya."



"Subhanallahi. Kai yaro, ba ni nake tambayarka safe da yamma ba?"



Matar tela ta shigo da tukunya a hannu, ko mayafi ba ta gyara ba. Ta tsallake bencin, ta tsaya ta shaƙi iska.

"Warin me nake ji haka?"

"Fitila ce ta faɗi, Inna," in ji ɗan baffa.

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta dubi yaron da ke tsaye ba riga. Ba ta sake tambaya ba. Ta ajiye tukunyar, ta ja shi bakin famfo ta wanke shi da sabulu har sau biyu. Na kawo masa wata rigar na miƙa, bai karɓa ba, sai da ita ta karɓa ta sa masa. Ta ce a gidanta zai kwana. Ya bi ta, bai waiwayo ba. Mu biyar muka ci abin da ta kawo a kwano ɗaya, ba wanda ya raba.

Manya suka dawo ranar Asabar da hantsi, gida ya cika da masu ta'aziyya har kwana uku. A ranar farko Inna ta ga wuyansa. Kalanzir ya ci fatar, ta yi ja ta saɓule a zagaye. Ta kira ni ɗaki.

"Me ya sami ƙanenki?"

"Fitila ce ta zube masa."

"A wuya?"

Na sunkuyar da kai. Ta juya ta tambaye shi da Fillanci, a hankali, har sau uku. Yana zaune a cinyarta yana wasa da bakin mayafinta. Bai faɗa mata ba a ranar, kuma iya sanina bai taɓa faɗa wa kowa ba. Aka kira ta ta fita wajen baƙi, maganar ta tsaya a nan. Faɗan da aka yi a gidan, Yaya aka yi wa, don ya bar yara da yunwa alhali ga maƙwabci. Baba da kansa ya yi faɗan. Yaya ya saurara har ƙarshe, ya ce a yi haƙuri.

Yaron ya ƙara wata biyu a gidanmu. Yana cin abinci, yana zuwa aike, amma 'yar Hausar da ya fara koya ya ajiye ta, ni kuma bai sake kirana ba. In yana son wani abu kuma Inna ba ta kusa, sai ya jira ta dawo. Na sha ajiye masa ƙosai a gefen tabarmarsa, in na zo in tarar da shi yadda na bari.

Kafin a koma makaranta mahaifiyarsa ta zo, Inna ta ce mata ruwan Douala bai karɓe shi ba. Suka bi jirgin ƙasa zuwa arewa. A Garoua ya yi karatunsa, yanzu ma'aikacin jinya ne, yana da 'ya'ya huɗu. Da Inna ta rasu ya kira Yaya a waya ya yi ta'aziyya. Bai sake zuwa Douala ba.